Jelani Mai Zane da Takun Inna Turai

Ranar Litinin, takwas ga watan Janairu na shekarar 1996, da ƙarfe tara da kwata na safe, na fara ganin Jelani Mainasara. Ina zaune a teburina a ofishin aikin noman rani da ke Wurno, inda nake akawu, sai ga wani siririn mutum ya jingine kekensa a gindin dogon yaro, ya shigo da wani dogon bututun kwano rataye a kafaɗa. Ya miƙo mini takardar canjin wurin aiki daga Goronyo. Na rubuta shi a rajistar ma'aikata, lamba ta talatin da ɗaya, garinsu Gandi, aikinsa mai zane. Da na tambaye shi abin da ke cikin bututun, sai ya ce, "Gonakin mutane na, Malam. Kada ka zauna bisa."

Taswirorin filayen noman rani ne a nannaɗe a ciki.

Mahaifinsa maginin ƙasa ne a Gandi, kakansa ma haka. Jelani ne na farko a gidansu da ya bar kwaɓin ƙasa ya kama alƙalami. Ya yi makarantar koyon sana'a a Sakkwato, ya samu aiki a shekarar 1986, lokacin da ake ta yankan filaye da haƙa magudanai a ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo. Shekara goma sha tara ya yi yana zane a kan katako da rula da tawada. Idan tawada ta ɗiga, sai ya kankare da reza, ya hure, ya ci gaba.

A shekarar 2005 aka kawo kwamfuta ofishinmu, da manhajar zanen gini a cikinta. Jelani yana da shekara arba'in. Aka tura shi kwas na mako uku, ya dawo da littafi cike da rubutun hannu, kowane maɓalli da aikinsa. Da farko ana yi masa dariya, don da yatsa ɗaya yake dannawa, yana riƙe linzamin kwamfutar kamar ya kama kunama. Kafin shekara biyu ta cika, mutane daga Rabah da Goronyo har da Giyawa suna zuwa bayan an tashi aiki, suna roƙon ya zana musu gida. Daga baya ya sayi tasa kwamfutar ta hannu, tsohuwa, yana yawo da ita a jakar fata.

Teburinsa yana kallon nawa, don haka na san yadda yake aiki ko da ban taɓa danna komai ba. Kafin ya ja layi ko ɗaya, sai ya buɗe wurin saitin awo ya duba ko mita ce ko ƙafa. Zanen ofis da mita ake yin sa, maginanmu kuwa da ƙafa da inci suke aiki. Ya ce mini mantuwa ɗaya a nan ta isa ka zana wa magidanci ɗakin da akuya ba za ta iya juyawa a ciki ba. Bayan haka sai ya sa kibiyar arewa a kusurwa, ya ja wani jan layi mai nuna alƙibla. Da wannan layin yake duba makewayi, don kada mai shiga ya fuskanci gabas ko ya ba ta baya.

Manhajar tana bari mutum ya raba zane falle-falle, kamar takardu masu shara-shara da aka ɗora bisa juna. Jelani yakan ware falle ɗaya don abin da ya tarar a fili, wato itace ko rijiya ko hanyar ruwa, ya kulle shi yadda hannu ba zai goge shi da kuskure ba. Bango yana da nasa fallen, ƙofofi da tagogi nasu, awo nasa. Kayan ɗakin da suka zo a cikin manhajar, irin su bahon wanka na kwance da doguwar kujera mai kusurwa, bai ga gidan da zai sa su ba. Sai ya zauna ya zana nasa: randa, turmi, murhu mai duwatsu uku, rumbu, turken akuya, rumfar ajiye albasa. Ya auna kowanne da tef a gidansa kafin ya shigar.

Abin da ya fara haɗa jininmu shi ne yadda yake adana aiki. Saboda wuta ba ta sallama idan za ta tafi, duk minti goma sai ya adana, kuma ba ya ɗora na yau a kan na jiya. Kowace rana da kwanan watanta. Ni ma haka nake da littattafaina, waɗanda nake rubuta al'amuran gida na kullum a ciki, tun ina saurayi. Idan ya buga zane kuma, sai ya ɗora rula a kan takardar ya gwada layin awo da ya zana a ƙasa, domin na'urar bugawa takan tsuke zane ya shiga takarda ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Kuma a gefen kowane bango yakan rubuta yawan bulo, don magini ya ƙirga da ido.

Dokarsa ta ƙarshe ita ce ba a haƙa harsashi sai an kafa turaku, an ja igiya, masu gida sun shiga sun zagaya da ƙafarsu. Yakan ce, "Kwamfuta ba ta taɓa ɗaukar tulu daga rijiya zuwa madafa ba. A bari mai ɗauka ta gwada."

A watan Satumba na shekarar 2010 ruwa ya ci unguwarmu ta bakin fadama. Mun fita da ranmu, alhamdu lillahi, amma gidan ƙasar da mahaifina ya gina ya jiƙe kwana shida, ya zauna. Ni da iyalina muka raɓe a ɗaki biyu a cikin gari. Mahaifiyata, Inna Turai, aka kai ta Rabah wurin ƙanwata Hauwa'u.

A nan ya kamata in faɗi halin da Inna take ciki. Idonta ya tafi shekara goma sha biyu kafin ambaliyar. Amma baƙon da ya shigo tsohon gidanmu ba zai gane ba sai an gaya masa. Ita take cika butarta a randa, ta zagaya makewayi, ta share ƙofar ɗakinta, ta kai wa awaki dusa, ta dawo ta zauna ta tsince wake. Ba ta riƙe sanda, ba ta kiran kowa. Shekara hamsin da ɗaya ta yi a gidan, ƙafarta ta haddace shi.

A Rabah kuwa, sai ta zauna. Hauwa'u ba ta rage ta da komai ba, amma ko makewayi za ta sai an riƙe hannunta. Inna mace ce mai kunya, sai ta rage shan ruwa don kada ta yawaita kira. Daga nan ta rage cin abinci. Da na je gaishe ta a watan Janairu, na tarar ƙafafunta sun kumbura saboda zama, muryarta ta yi ƙasa. Hauwa'u ta ja ni zaure ta ce, "Yaya, in anka bar ta haka, ba ta ƙara tashi."

A lokacin na samu fili a kan tudu, na kuma roƙi Jelani ya zana mini gidan bulo. Ya zana mai kyau, da ɗakin Inna babba a kusa da nawa, da makewayinta a ciki. Na ɗauki takardar na je Rabah ina murna, na karanta mata komai. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Akawu, Allah shi sa albarka. Ku shiga abinku. Ni ko can ko nan, duhun guda na." Akawu take kirana, don ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana.

Washegari a ofis na mayar wa Jelani takardar, na gaya masa abin da ta ce. Ya daɗe yana kallon zanen. Can ya ce, "Malam Siddiƙu, gidan da munka zana na masu ido na. Ka kai ni kangon."

Muka je ranar Asabar. Rufin ɗakin Inna ya rufta ciki, azara da ƙasa sun cika shi, amma gindin bangon yana nan ta waje. Jelani ya ja tef: ƙafa goma sha huɗu tsawo, goma sha biyu faɗi. Ya auna inda ƙofa take, ya auna gurbin makewayi da na madafa, ya ɗora kamfas ya rubuta inda ƙofar ke kallo. Sauran abubuwan, randa da turke da igiyar shanya, ruwa ya tafi da su, ko alama babu.

"Waɗanga suna wurin Inna," in ji shi.

Ranar Asabar, biyar ga Fabrairu, 2011, muka hau babur zuwa Rabah. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa a hankali, fuskarta na kallon bango. Ya zauna a bakin tabarma ya buɗe jakarsa.

"Inna, gardama ta kawo ni. Malam Siddiƙu ya ce daga ƙohwar ɗakinki zuwa randa taku goma sha biyu na."

Ban taɓa faɗin haka ba. Na buɗe baki, ya taka mini ƙafa.

"Mi?" in ji Inna. Ta juyo. "Shi Akawu mi ya sani? Wanda ko ruwan da zai sha sai an miƙa mai? Tara na. Na tara ɗin ma gajere."

"To, daga randa zuwa turken awaki hwa? Ya ce ashirin."

"Sha bakwai. In ka wuce turmi ka karkata dama kaɗan, don akwai kwatar ruwa."

Haka ya yi ta ɗora mini ƙarya, ita kuma tana gyarawa, yana rubutawa. Hauwa'u tana bakin madafa ta toshe baki da gyale. Da ya gama, ya ce saura abu ɗaya, yana son ya san girman takunta. Ta ce ita ba ta tashi. Ya ce to shi ke nan, zai auna na Hauwa'u, ai duk ɗaya ne. Inna ta ce, "Wagga mai tahiya kamar ana korar ta? Ku kama ni." Aka share ƙasa, aka yayyafa ruwa, ta yi taku goma tana dafe da kafaɗar Hauwa'u. Jelani ya auna sawun: ƙafa goma sha biyar. Kowane taku ƙafa ɗaya da rabi ke nan.

Mako uku ya yi yana aikin. Ya buɗe sabon falle a manhajar, ya sa masa suna Takun Inna, ya zana hanyoyinta da ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo taku ɗaya, ya kulle. Sauran gidan duka sai ya bi wannan fallen. Titin sabon filin yana arewa, kuma kowa a layin yana juya gidansa ya kalli titi. Jelani ya bar zaure kawai yana kallon titi, ya juya ɗakin Inna ya kalli kudu kamar na da, don ranar hantsi ta same ta ta gefen da ta saba, alƙibla kuma ta zauna a hannun hagunta idan ta fuskanci ƙofa. Babban ɗaki mai makewayi a ciki ya tafi. Ɗakina ma ya matsa baya, saboda a zanen farko ya tare hanyar turke.

Ranar ashirin da shida ga Fabrairu aka yi gwaji. Maginin da zai yi aikin, Mode, mutum ne mai ƙiba da yawan magana, ya kafa turaku ya ja igiya yadda takarda ta ce. Jelani ya sa aka kakkafa zana a layin igiyar ɗakin Inna don hannunta ya samu abin taɓawa. Aka ajiye gadon ƙarfe a jikin zanar baya, aka kawo randa da turmi da turken awaki aka sa a gurabensu. Mode yana ta mita, wai shi tun da yake bai taɓa gina gidan kara kafin na bulo ba.

Aka kawo Inna a mota, aka zaunar da ita a bakin gadon. Jelani ya ce, "Inna, ga ki ɗakinki. Buta na ƙasan gado. A ɗebo muna ruwa."

Ta laluba ta ɗauki butar. Ta miƙe. Ta miƙa hannun dama don ta dafa bango, kamar yadda ta yi shekara hamsin, sai hannun ya faɗa iska. Ta tangaɗa, na yi wuf na tare ta. Ta ture hannuna, ta ƙirga taku biyu, ta ɗaga ƙafa don ta tsallake dokin ƙofa, ta sauke a fili. Ƙofar tana gaba, ba ta kai ba. Ta tsaya cik.

"Wanga ba ɗakina ba na," in ji ta. "Ku mai da ni Rabah. Kun tara mutane ku ga makauniya na lalube."

Aka mayar da ita mota, Hauwa'u tana share hawaye.

Jelani ya zauna a kan bulo a inuwar zana, ya buɗe kwamfutar a cinyarsa. Ya duba saitin awo, ƙafa ne. Ya duba sha huɗu da sha biyu, suna nan. Ya tashi ya ja tef a kan igiya, daidai. Ya koma ya zauna. Mode ya leƙo ta kafaɗarsa yana cin goro.

"Akwatin naka ya yi ƙarya ko?"

"Bai ƙarya, Sarkin magina. Abin da anka hwaɗa mai shi yaka yi."

"To mi anka hwaɗa mai? Ni dai na ga bangon nan siriri kamar tsinke. Tsohon ɗakin ai ba da bulo anka yi shi ba."

Jelani ya ɗaga kai ya dube shi. Ya danna bangon a zanen, lamba ta fito: inci tara. Ya dafe kai da hannu biyu.

"Ni ɗan magini," in ji shi. "Ni da ubana ke gina bangon da jaki ka iya kwanciya bisa."

Abin da ya faru shi ne, shekara biyar yana zana gidajen bulo, kaurin bango a manhajar yana zaune a inci tara, bai taɓa samun dalilin taɓa shi ba. A kango kuma ta waje ya auna, tunda ciki a cike yake da ƙasa. Da ya shigar da awon waje, manhajar ta cire siririn bango ta bar sauran a matsayin cikin ɗaki. Ɗakin ya buɗe ta kowane gefe fiye da yadda hannun Inna ya sani.

Mode ya ce a koma kango a auna kaurin. Jelani ya ce ruwa ya zaizaye shi, abin da ya rage ba zai faɗi gaskiya ba, kuma ba za a sake ɗauko tsohuwa a kan kintace ba. Ya juyo gare ni. "Malam Siddiƙu, ka yi tunani. Akwai wani abu da ya taɓa cika ɗakin nan daga bango zuwa bango? Tabarma, ko silin, ko wani abu?"

Na ce akwai ledar ƙasa da na shimfiɗa mata, amma ruwa ya tafi da ita. Sai kuma na tuna. Littattafaina suna cikin akwatin ƙarfen da na fara ɗorawa a kai ranar ambaliya, abin da matata Sabuwa ba ta daina yi mini gori a kansa ba har yau. Na hau babur na je na buɗe. A littafin shekarar 2003, ranar sha biyu ga Oktoba, na ga rubutuna: "An shimfiɗa leda a ɗakin Inna. Ƙafa goma da ƙafa takwas. Ta shiga daidai, ba a yanke komai ba."

Na kawo masa littafin a filin. Ya karanta sau biyu. Sha huɗu a waje, goma a ciki. Sha biyu a waje, takwas a ciki. Kaurin tsohon bangon ƙafa biyu ne cif.

"Allah shi yi ma albarka da wanga rubuce-rubucen naka," in ji shi. Wannan ne karo na farko da wani ya sa wa littattafaina albarka.

A nan take ya gyara. Ya fara da cikin ɗaki, goma da takwas, ya kulle awon. Bangon baya da na gefuna ya bar su bulo ɗaya, tunda ta ciki kawai take taɓa su. Bangon gaba kuwa, mai ƙofa, ya mayar da kaurinsa ƙafa biyu, tsawonsa sha huɗu kamar na da, domin a cikin kaurin nan take yin taku ɗaya kafin ta fita, kuma shi take bi da hannu har kusurwa idan za ta makewayi. Ya zana layin bulo biyu da cikon ƙasa a tsakani. Ya ƙara dokin ƙofa mai tsawon inci shida.

Mode ya duba ya ce, "Bango biyu wuri guda? Jelani, so kake a ce Mode ya haukace? Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya yi dariya."

"In sun tambaya ka ce ni na haukace. Kai dai ƙirga bulonka, ga shi na rubuta."

Dawo da Inna shi ya fi gyaran wuya. Na je da kaina ta ƙi. Jelani ya ce in bar shi ya je. A gabana ya durƙusa ya ce, "Inna, laihina na, ba na ƙahwarki ba. Ke kin ƙirga daidai, ni na ɓata. Na manta kaurin bangon da maigidanki ya gina miki." Ta ce, "Kamu guda da 'yan yatsu. Da ka tambaye ni da na hwaɗa ma." Ya ce, "Shi ya sa na zo a yi mini gyara." Ta ce za ta zo, amma kada a tara mata kowa.

Ranar Asabar, biyar ga Maris, mu huɗu ne kawai a filin bayan ita: ni da Hauwa'u da Jelani da Mode, wanda aka ce ya tsaya nesa ya rufe bakinsa. A wannan karon an jera bulo a ƙofar don kaurin ya fito, an sa katako a matsayin dokin ƙofa.

Ta zauna a bakin gado. Ta ɗauki buta. Ta miƙe, ta miƙa hannun dama, tafinta ya sauka a kan zana. Ta ɗan tsaya a haka. Ta yi taku biyu, ta ɗaga ƙafa, ta tsallake katakon, ta yi ɗaya a cikin kaurin ƙofa, ta fito rana. Ina ƙirgawa a zuci. A na tara, gajere, gwiwarta ta taɓa randa. Ta buɗe faifan, ta laluba moɗa, ta cika butar ba tare da ta zubar ba. Daga nan ba ta koma ɗaki ba. Ta ajiye butar, ta nufi turke, ta wuce turmi, ta karkata dama kaɗan don kauce wa kwatar da ba a riga an haƙa ba. A na sha bakwai ta miƙa hannu ta kama turken.

"Ina awakin?" in ji ta.

Hauwa'u ta fashe da kuka da dariya a haɗe. Mode ya manta an hana shi magana, ya yi kabbara da ƙarfi. Inna ta juya wajen muryar ta ce, "Wane na wanga mai ihu? In kai na magini, turmin nan ka matso da shi. Ya yi nisa da tafin hannu guda." Jelani ya ciro biro ya rubuta, ya gyara a zanen kafin mu bar wurin.

Mun tare ranar Juma'a, goma ga Yuni, 2011. Kafin azumin shekarar kumburin ƙafarta ya sace, ta koma cin tuwonta da shan furarta. Ɗakinta ya zama mafi sanyi a gidan saboda kaurin bangon, har Mode ya riƙa kawo masu son gini su gani, yana cewa dabararsa ce. Inna ta yi shekara biyar da wata huɗu a ɗakin, tana cika butarta da kanta har makon da ta kwanta ciwon ajali. Ta rasu a watan Oktoba na 2016. Allah ya jiƙanta. Ba mu matsar da randar ba.

Na yi wa Jelani godiya sau da yawa, kullum sai ya kawar da zancen ya ce a gode wa leda. Abin da na lura shi ne, daga wannan aikin ya ƙara abu biyu a kan dokokinsa. Kaurin bango ya koma cikin abin da yake dubawa tun farko, tare da saitin awo, kuma yakan auna ɗaki ta ciki ko da zai haƙa ƙasa da hannu. Sannan duk wanda ya zo neman zane, kafin ya tambaye shi ɗaki nawa yake so, sai ya tambaye shi ko akwai tsoho a gidan, ko wanda ba ya gani, ko mai ciwon ƙafa. Fallen nan mai suna Takun Inna bai cire shi daga manhajarsa ba. Kowane sabon zane da shi yake buɗewa, ko da babu abin da za a sa a ciki.

Jelani ya yi ritaya a shekarar 2021, bayan shekara talatin da biyar yana aiki. Ni na rubuta takardar sallamarsa, na ja layi a ƙarƙashin lamba ta talatin da ɗaya. Ya koma Gandi, yana noman albasa da gero. Yana sa tabarau yanzu, kuma ya ƙara girman rubutun kwamfutarsa. Ranar kasuwa yakan zauna a zaurensa da ita a cinya, masu son gini suna zuwa. Ina kai masa ziyara sau biyu a shekara, bayan kowace Salla.